Katako, alminiyom ko soso da faiba: zaɓin kayan gina ɗakin kwana mai ɗaga rufi a bayan a-kori-kura

Mutumin da ya ƙuduri aniyar gina ɗakin kwana a bayan motarsa ta a-kori-kura, irin wanda rufinsa ke kwanciya lokacin tafiya sannan a ɗaga shi idan an yada zango, yakan fara ne da tambayar abin da zai yi aikin da shi, wato katako, ko alminiyom, ko soso mai tauri da aka lulluɓe da faiba. Wannan tambaya ce za ta ci mafi yawan bayanin da ke tafe, sai dai ba za a iya amsa ta ba kafin a san nauyin da motar za ta iya ɗauka, domin shi ne ke yanke hukunci a kan kauri da tsawo da yawan duk abin da za a ɗora. Na gina irin wannan ɗaki sau biyu, kuma na farkon ya nuna mini cewa nauyi yana taruwa ne kilo bayan kilo, daga wuraren da mutum bai sa musu ido ba.

A jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin littafin motar, kamfani yakan rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai idan an yi mata cikakken lodi, da kuma iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka daban-daban. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a cika tanki da mai, a hau sikelin auna manyan motoci, a auna motar gaba ɗayanta, sannan a sake auna ƙafafun baya su kaɗai. Ratar da ke tsakanin abin da sikeli ya nuna da abin da kamfani ya rubuta ita ce jarin mai gini. A ɗauka, alal misali, cewa ratar kilo 700 ce. Manya biyu za su ci kamar kilo 150, lita 40 ta ruwa kilo 40 ce cif, batir da tukunyar gas da katifa da tufafi da kayan gyaran mota za su iya haɗiye wani kilo 150, sai a ga abin da ya rage wa ɗakin kansa bai wuce kilo 360 ba, alhali babu wanda zai so ya yi doguwar tafiya a hanya mai gargada da mota a ƙurewar ƙarfinta. Ƙara wa mota sifirin yana hana bayanta zama, amma ba ya ƙara ƙarfin birki ko na taya ko na shasi, don haka ba ya canza adadin da aka rubuta a ƙofa. Wurin da nauyin ya zauna shi ma yana da nasa hukunci: tankin ruwa da batir su kasance a ƙasa, a gaban ƙafafun baya, domin duk abin da aka ajiye a bayansu yana ɗage gaban motar ya rage wa sitiyari riƙo.

Siffar ɗakin iri biyu ce, kuma wannan zaɓi ba ya ɗaukar dogon tunani. Akwai akwati cikakke mai daɓensa da bangonsa, wanda ake zurawa cikin bodin motar a kuma sauke shi a kan ƙafafun jak idan an dawo gida. Akwai kuma murfi da ke zama a kan gefunan bodin, ya ari daɓen motar da bangonta su zama nasa. Murfin ya fi rashin nauyi nesa ba kusa ba, tunda rabin ɗakin motar ce ta riga ta samar da shi, amma ƙura tana shiga ta ƙofar bayan bodin, kuma sanyi yana ratsa ƙarfen motar kai tsaye. Wanda motarsa matsakaiciya ce, kuma yake son ya ci gaba da ɗaukar kaya da ita a ranakun aiki, murfin ya fi dacewa da shi. Wanda zai yi makonni a ciki, yana girki yana aiki, shi ne mai bukatar akwatin.

Katako shi ne abin da hannun yawancin masu aikin gida ya saba da shi, kuma zarto da injin huda da gam da sukurori sun isa a gama aikin. An daɗe ana yi masa kallon abu mai nauyi, amma lissafi bai goyi bayan wannan kallo gaba ɗaya ba. Sandar katako mara nauyi, mai kaurin milimita 25 da faɗin milimita 38, tana auna kusan rabin kilo a kowace mita, yayin da bututun alminiyom mai kusurwa huɗu na milimita 25, mai kaurin jiki milimita 1.5, yake auna kusan kilo 0.4. Bambancin ƙanƙani ne. Inda ake faɗawa cikin nauyi shi ne filawud mai kauri: falle ɗaya na mita 1.22 da mita 2.44, mai kaurin milimita 18, yakan wuce kilo 30, na milimita 6 kuwa yana tsayawa a wajen kilo 10 zuwa 12, gwargwadon irin itacen da aka yi shi da shi. Mai gini na farko yakan ji tsoron bango siriri, sai ya riƙa ƙara kauri a nan, ya ƙara sanda a can, har ya wayi gari da ɗakin da ya fi ƙarfin motarsa. Idan aka manna filawud siriri a ciki da wajen ƙashin katako, wato firam ɗin sandunan da ke riƙe bangon, aka cike tsakiyar da soso mai tauri, aka tabbatar gam ya kama ko'ina, bangon yana zama abu guda mai ƙarfin da ya wuce abin da ido ke tsammani. Katako kuma ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi ya kai ciki, kuma duk inda aka ga dama ana iya ɗaura ƙugiya ko kanta da sukuru ɗaya.

Babban maƙiyinsa ruwa ne, kuma ruwa ba ya bukatar ƙofa babba. A ɗakina na farko, bayan shekara biyu, na lura fenti ya ɗan kumbura a kusurwar rufi ta gaba, daidai ƙarƙashin sukurun da ke riƙe da ƙafar farantin sola. Da na danna wurin da babban yatsa sai ya nutse kamar a jiƙaƙƙen kwali, da na ɓare fentin kuwa sai na tarar filawud ɗin ya yi baƙi a faɗin tafin hannu biyu, yana warin fumfuna. Rami ɗaya na sukuru ne ya yi wannan ɓarna, domin na toshe shi da silikon, shi kuma silikon ya saki jikin fentin ba tare da an gani ba. Maganin da masu ƙera kwalekwale suka daɗe suna amfani da shi shi ne a huda ramin ya fi sukurun faɗi, a cika shi da gam ɗin ifoksi, idan ya bushe a sake huda shi daidai girman sukurun, ta yadda ƙarfe ba zai taɓa haɗuwa da tsurar katako ba. A ƙarƙashin tagogi da duk wani ƙarfe da aka ɗaura a waje, tef ɗin roba mai danƙo da ake kira butil ya fi silikon aminci, saboda ba ya bushewa kuma yana bin motsin jikin ɗakin. Bakin filawud, inda aka yanka shi, shi ne ya fi shan ruwa, don haka a shafa masa ifoksi sau biyu ko uku har ya ƙoshi. Wasu sukan lulluɓe ɗakin da kyambas da suka manna da gam ɗin katako mai jure ruwa, sannan su bi shi da fenti sau da yawa. Wannan hanya tana aiki kuma ba ta da nauyi, amma ba ta ba kusurwoyi ƙarfin da faiba da ifoksi ke ba su, kuma tana bukatar a riƙa sabunta fentin a kan kari.

Alminiyom ne ke jan hankalin wanda ruɓewar katako ta taɓa cuta, kuma yana da hujja. Kamfanin Four Wheel Campers na Amurka, wanda ya fara aiki a 1972, ya yi suna ne da ƙashin alminiyom da aka yi wa walda, kuma irin wannan ƙashi yana lanƙwasa kaɗan ya bi murɗawar motar a mummunar hanya. Nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kilo 2,700 a mita kubik idan aka kwatanta da 7,850, sai dai ƙin lanƙwasawarsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, don haka dole a ƙara girman bututu a inda za a ɗora nauyi. Wahalar tana wajen haɗi. Waldar alminiyom tana bukatar injin da ke aiki da iskar argon da kuma hannun da ya goge, domin siririn bututu yana hujewa cikin ƙiftawar ido. Fiye da haka, irin da aka fi amfani da shi, mai lamba 6061-T6, ya sami ƙarfinsa ne ta hanyar gashi na musamman a masana'anta, kuma zafin walda yana warware wannan gashi, har yankin da ke kusa da ɗinkin ya rasa kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ƙarfinsa. A nan ne tsagewa ke farawa bayan girgizar dubban kilomitoci. Wanda bai iya wannan walda ba yana iya haɗa bututun da rifit da ƙananan faranti masu ƙarfafa kusurwa, tare da gam ɗin foliyuretan, kuma a ganina wannan ya fi waldar mai koyo aminci.

Aibinsa na biyu sai an kwana a ciki ake saninsa. Alminiyom yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da katako sau dubu da ɗoriya, saboda haka kowane bututu hanya ce buɗaɗɗiya tsakanin waje da ciki, komai kaurin soson da aka cusa a tsakaninsu. Na taɓa kwana a ɗakin wani abokin tafiya a dare mai sanyi, da asuba sai na ga zanen ƙashin rufin ya fito sarai a jikin silin, layi-layi na raɓa, kan kowane rifit kuma da ɗigon ruwa a rataye yana jiran ya faɗo a kan bargo. Numfashin masu barci ne ya sauka a kan ƙarfe mai sanyi. Ana rage wannan ta hanyar shimfiɗa siririn soso a kan bututun kafin a sa bangon ciki, da barin taga a ɗan buɗe. A kuma kula da inda alminiyom ya haɗu da wani ƙarfe daban, kamar noti na baƙin ƙarfe, domin idan akwai danshi alminiyom ɗin ne ke cinyewa, sai an raba su da roba ko man shafawa na musamman. Baƙin ƙarfe kuwa, duk da sauƙin waldarsa, ba na ganin wurinsa a wannan aiki sai a maɗaurai da gindin hinji.

Hanya ta uku ita ce ta fi kowacce rashin nauyi, kuma ita ce ta fi cin lokaci. A nan babu ƙashi ko kaɗan: ana ɗaukar allon soso mai tauri, a manna masa fata siririya mai ƙarfi a fuska biyu, fatar ta ɗauki ja da matsi, soson kuma ya riƙe tazarar da ke tsakaninsu. Idan aka ninka wannan tazara sau biyu, ƙin lanƙwasawar allon yana ƙaruwa kusan sau huɗu, alhali nauyin da aka ƙara bai taka kara ya karya ba. Soson XPS, wato allon soso mai tauri da ake tare zafi da shi a gini, mai kaurin milimita 25 bai cika kilo ɗaya ba a murabba'in mita. Idan aka sa masa zanen faiba mai giram 200 rufi biyu a kowace fuska, tare da ifoksi mai nauyi daidai da na zanen, allon zai tsaya a wajen kilo 2.5 a murabba'in mita, yayin da tsurar filawud mai milimita 12 ke kaiwa kilo 7. A ɗakin da faɗin jikinsa ya kai murabba'in mita 16, wannan bambanci ne na kusan kilo 70, ga kuma kariya daga zafi da sanyi da babu ƙarfen da ya ratsa ta.

Sharuɗɗanta ne ke da yawa. Ruwan faiba na foliyesta, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana narkar da soson XPS nan take, saboda haka ifoksi kaɗai za a yi amfani da shi. Fuskar wannan soso tana da santsi kuma tana saurin ɓarewa, dole a goge ta da samfefa a kuma yi mata ƙananan huji domin gam ya sami wurin kamawa, kuma soson PVC da ake ƙera jiragen ruwa da shi ya fi shi riƙe fata ƙwarai. Fenti mai duhu yana tara zafin rana har fatar ta kumbura ta rabu da soson, don haka fari ne launin wannan ɗaki, kuma dole a yi fentin, tunda hasken rana yana lalata ifoksin da aka bari tsirara. Soso ba ya riƙe sukuru, saboda haka duk inda hinji ko sakata ko taga ko maɗauri zai zauna, sai an binne guntun katako a ciki kafin a lulluɓe; tun ran gini tun ran zane, domin bayan faiba ta bushe gyaran wannan mantuwa aiki ne mai ɓata rai. Sai kuma gugar samfefa ta kwanaki, da safar hannu da takunkumin numfashi da ba a wasa da su, domin ifoksi yana iya sa fatar mutum ta daina jure shi har abada.

Tsakanin katako da wannan hanya akwai matsakaiciya, kuma da ita na gina ɗakina na biyu: soso mai milimita 25 a tsakiya, filawud mai milimita 3 a ciki da waje, sandar katako a gefunan kowane allo, sannan rufi ɗaya na faiba da ifoksi a waje domin tsare ruwa. Allon yana auna kilo 5 zuwa 5.5 a murabba'in mita, fuskarsa ta riga ta miƙe ba sai an sha wahalar guga ba, kuma ana yanka shi a haɗa shi da kayan kafinta na yau da kullum.

Rufin shi ne wurin da kilo ɗaya ke biyan kuɗi sau biyu, domin yana sama inda yake ƙara wa mota tangaɗi a kwana, kuma hannu ne zai ɗaga shi kowace yamma. Mafi sauƙin tsari shi ne rufin da aka yi wa hinji a gaba, bayansa kaɗai ke tashi. Hinjin yana ɗauke rabin nauyin, yana kuma hana rufin karkacewa, kyallen da za a ɗinka gefe uku ne kawai, idan kuma aka fuskantar da gaban motar ga iska sai ta zame ta samansa. Abin da aka rasa shi ne sarari, domin mutum yana iya miƙewa tsaye a baya kaɗai, masu barci kuma dole su sa ƙafa a ɓangaren da ya matse. Rufin da ke tashi gaba ɗaya a miƙe yana ba da tsayi daga farko har ƙarshe da tagogi a kowane gefe, amma yana bukatar abin da zai riƙe shi kada iska ta tura shi gefe, ko dai alluna masu naɗewa a gaba da baya, ko ƙarafa masu buɗewa kamar almakashi, kuma duk lokacin saukewa sai an zagaya an tabbatar kyallen ya shige ciki bai maƙale a baki ba. Akwai kuma mai bango mai tauri, irin na kamfanin Alaskan Campers, inda rabin ɗakin na sama ke hawa a kan na ƙasa da ƙarfin haidirolik. Ya fi kowanne ɗumi da shiru, amma nauyinsa da yawan robobin toshe iska da yake bukata sun fitar da shi daga sahun gini mara nauyi na gida.

Sandunan gas, irin waɗanda ke tokare murfin but ɗin mota, su ne abin ɗagawa da ya fi dacewa da rufi mai hinji. Ana auna ƙarfinsu da niyuton, kilo ɗaya kuma kusan niyuton 10 ne, sai dai ƙarfin da ake bukata ya dogara da inda aka kafa su, domin sandar da ke kusa da hinji dole ta fi ta nesa ƙarfi sosai. Kada a saye su sai an gama rufin an auna shi da duk abin da zai zauna a kansa, har da farantin sola da fanka. Idan rufin yana rufe, sandunan suna nan suna tura hinjin da dukkan ƙarfinsu dare da rana, shi ya sa gindinsu ke bukatar noti mai ratsawa da faranti a baya, ba sukurun katako ba. Sanyi yana rage musu ƙarfi, saboda haka sandar tokare ta hannu wajibi ce kafin kowa ya kwanta a ƙarƙashin rufin. Game da kyalle, tamfol mai rufin roba ba ya yoyo kuma yana gogewa da sauƙi, amma ba ya numfashi kuma raɓa tana taruwa a jikinsa, yayin da kyambas na akirilik ko na haɗin auduga yake barin danshi ya fita, muddin ba a naɗe shi a jiƙe an bar shi kwanaki ba. Ko wanne aka zaɓa, a bar mashigar iska a ƙasa da mafita a sama, a kuma sa na'urar gano iskar kabon monoksaid, iska mai guba mara wari da ƙonuwar wuta ke fitarwa, idan za a kunna wuta a ciki.

Idan mai gini na farko ya nemi shawarata, matsakaiciyar hanyar nan ta soso da siririn filawud, tare da rufi mai hinji a gaba, ita zan nuna masa, domin kuskuren da zai yi a cikinta kuskure ne da zai iya gani ya gyara da kayan da ke hannunsa. Alminiyom na wanda ya iya waldarsa ne, ko yake da ƙwararren da zai yi masa, kuma tafiyarsa ta fi yawa a wurare masu ɗumi da hanyoyi masu wuya. Soso da tsurar faiba na wanda motarsa ƙarama ce har kowane kilo yana da lissafi, kuma yana da rumfar aiki da haƙurin watanni. Kafin a sayi kayan ɗakin duka, a yi allon gwaji na rabin mita, a auna shi, a ɗora shi a kan bulo biyu a taka, a bar shi a rana da ruwa na makonni, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wajen ɗaurawa, a tuna cewa shasin a-kori-kura yana murɗawa, kan motar da bodinta kuma kowanne yana motsi daban, saboda haka a bar tazarar santimita da yawa tsakanin rufin gidan direba da ɓangaren ɗakin da ya leƙo samansa. A ɗaure ɗakin a wuri huɗu, a jikin shasi ko a wuraren da kamfani ya ƙarfafa domin ɗaure kaya, da shimfiɗar roba a ƙarƙashinsa. Kafin tafiyar farko a sa wani ya riƙa fesa ruwa da tiyo daga gaban motar, ta inda ruwan sama ke dukanta a guje, mai ginin yana ciki da tocila yana bin kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a koma kan sikeli da cikakken lodi da mutanen da za su yi tafiyar, bayan kilomita ɗari na farko kuma a tsaya a sake ɗaure kowane noti.